Iyo ko Nutsewa: Da Wane Harshe Za Mu Tarbi Yaro a Lakwal?

Duk shekara in watan Oktoba ya kama, daga Jiratawa har Tibiri, ana kai yara ƴan shekara shida zuwa bakwai ajin farko, wanda muke ce wa CI. Yaron da aka kai ɗin nan ya riga ya iya gaisuwa tun daga kwana har gajiya. Ya iya kai saƙo wata unguwa ya komo da amsa, ya san halin Gizo da Ƙoƙi, yana bambance gero da dawa tun suna tsiro. Wata yarinyar ma ta fara talla. Amma da ya zauna, mushe ya buɗe baki da faransanci, sai duk wannan sani ya tsaya a bakin ƙofa kamar takalmi. Yaro ya koma bebe, kuma bebancin nan kan ɗauki shekara biyu, uku, wani ma har ya bar lakwal bai warke ba.

Mu da muke karatun ilimin harsuna a Yamai mukan yi saurin cewa wannan zalunci ne, a koyar da yaro da harshen uwa kawai a huta. To amma akwai wanda ya kamata a saurara kafin a yanke hukunci, shi ne uban yaron. Ka je fadamar Jiratawa ka iske magidanci yana ban ruwa ga zogalensa, ka ce mishi za a koya wa ɗansa karatu da Hausa. Amsar da za ka ji ba ta wuce wannan ba: "Hausa ai gida ya iske ta. Ni na kai shi lakwal don ya iyo abin da ni ban iya ba." Kuma mutumin nan ba jahilci ke damunsa ba. Ya ga takardar likita da faransanci take, ya ga ta kotu haka, ya san BEPC da bak da jarrabawar ɗaukar ma'aikata duk da wane harshe ake yin su. Ya kuma lura da wani abu da mu ɗalibai ba mu cika son faɗi ba: manyan ma'aikatan da ke yabon harsunan ƙasa a taro, nasu ɗiyan suna makarantun kuɗi na cikin Maraɗi, inda ake fara yi musu faransanci tun suna shekara uku. Sai ya ce a ransa, in abin nan na kirki ne, don mi ba su fara da nasu ba?

Ke nan tambayar ta zama biyu. Shin daidai ne a tarbi yaro da harshen da bai taɓa ji ba? Shin kuma daidai ne a jinkirta wa ɗan talaka harshen da ke buɗe ƙofar ofis, alhali ɗan mai hali ya fara tun yana rarrafe?

Bari mu fara da inda uban nan yake da gaskiya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwasa shi, kuma a fagen harshe maganar ta tabbata. Ƙaramin yaro yana ɗaukar lafazi yadda babba ba ya iyawa, kuma harshe biyu ba su rikita shi. A da Turawa da kansu sun ɗauka harshe biyu na dagula ƙwaƙwalwar yaro, har sai da Elizabeth Peal da Wallace Lambert suka gwada yara ƴan shekara goma a birnin Montreal na Kanada a 1962, suka iske masu harshe biyu ba su gaza ba, a gwaje-gwaje da dama ma sun fi. Mu a nan ba mu bukatar a zo daga Kanada a gaya muna. Ɗan Fulanin da ke kawo nono kasuwa tare da uwarsa yana ciniki da Hausa, ya juya ya yi mata bayani da Fulatanci, ko gargada babu. Wa ya taɓa cewa kansa ya ruɗe?

Akwai kuma wata riba da na fi so, don ta shafi tunani. A Hausa rana mace ce, muna cewa rana ta fito, wata kuwa namiji, wata ya tsaya. A faransanci abin ya juye, rana namiji, wata mace. Yaron da ya riƙe duka biyun yana gano da kansa, ba tare da an yi mishi lacca ba, cewa suna daban, abin da aka raɗa wa sunan daban. Rana ba ta da miji ba ta da mata, mutane ne suka tsara maganarsu haka. Wannan ganewa ita ce farkon nahawu, ni a ganina ma ita ce farkon haƙuri da mutanen da ba su yin abu irin namu. Amma zancen da ake yayatawa a intanet cewa wai mai harshe biyu ya fi kowa basira a komi, wannan masana har yanzu suna gardama a kansa, kuma bai kamata mu jingina hujjarmu da shi ba.

Masu son a fara da faransanci zalla sukan kawo misalin Kanada ɗin nan. A 1965, a garin Saint-Lambert kusa da Montreal, wasu iyaye masu magana da Ingilishi suka nemi a buɗe wa ɗiyansu aji inda malama ba za ta yi magana da komi ba sai faransanci tun daga ranar farko. Aka yi, kuma abin ya yi kyau: yaran suka iya faransanci, Ingilishinsu bai lalace ba, lissafinsu bai ja baya ba. Wannan tsari shi ake kira tsoma yaro cikin harshe, kamar yadda ake tsoma tufa a rini. Sai a ce, to ai abin da lakwal ɗinmu ke yi ke nan tun zamanin Nasara, mi ya sa ku kuke kuka?

A nan ne nake roƙon mai karatu ya ɗan tsaya, don kamar da ke tsakanin biyun ta waje ce kawai. Malamar Saint-Lambert tana jin Ingilishi. In yaro ya ce mata yana jin fitsari da harshen gidansu ta gane, ta amsa mishi da faransanci, ba ta buge shi ba, ba ta yi mishi dariya ba. Iyayen su suka nemi abin da kansu, yawancinsu masu karatu ne, akwai littattafai a ɗaka. Da yaro ya fito daga aji, Ingilishi ne a talabijin, a shago, a allon titi, harshen masu arziki ne a ƙasar, babu ranar da zai ji kunyar iya shi. Bayan ƴan shekaru kuma makarantar da kanta ta shigo da darasin Ingilishi, ya riƙa ƙaruwa. To ɗauko ɗan Jiratawa ka aza a ma'auni. Aji cike maƙil, wani na zana ne, littafi ɗaya hannu da yawa. In ya koma gida babu mai ce mishi ko sannu da faransanci. Harshen da ya zo da shi kuwa, iyayenmu suna ba da labarin sambol, wato ɗan ƙashi ko guntun icce da ake rataya wa wanda aka kama yana Hausa a farfajiyar lakwal, shi kuma ya yi ta farautar abokin da zai sauke wa, wanda abin ya kwana a wuyansa ya sha bulala. An daina rataya ƙashin a yawancin wurare, amma abin da ya koyar bai gushe ba: harshenka abin ɓoyo ne, abokinka kuma ɗan leƙen asiri ne.

Duk wanda ya tashi kusa da Gulbin Maraɗi ya san yadda yaro ke koyon iyo in ruwa ya zo da damina. Yana farawa ne a inda ƙafarsa ke taɓa ƙasa, wansa na tsaye kusa, in ya kurɓi ruwa a ɗago shi. Sannu sannu yake matsawa tsakiya. Wanda aka ɗauka aka jefa a zurfi shi ma ya shiga ruwa, babu musu, kuma cikin goma akan samu ɗaya ya fito ya zama gwani. Mu da muka kai jami'a mu ne wannan ɗayan, shi ya sa shaidarmu ke da haɗari. Mukan ce ai mu haka aka yi muna kuma ga mu. Sauran da muka shiga CI tare ba a gayyatar su taro a tambaye su yadda ta kaya. Lambert da kansa daga baya ya raba abin gida biyu: akwai iya harshe biyu na ƙari, inda na biyu ke hawa kan na farko, akwai na ragi, inda na biyu ke ture na farko kuma sau da yawa shi ma bai zauna ba.

Abin da ya fi ƙarfi a hujjar fara karatu da harshen gida shi ne wannan: karatu sau ɗaya ake koyon shi a rayuwa. Ranar da yaro ya gane cewa wannan zane da ke kan allo sauti ne, in an haɗa sautuka kalma ta fito, kalmar kuma tana nufin abin da ya sani, an wuce wurin. Wannan ganewa tana bin shi duk harshen da ya shiga. Jim Cummins, wani masani a Kanada, ya daɗe yana nuna haka. To wane harshe ya fi sauƙin buɗe wannan ƙofa? A rubutun Hausa, kusan kowane baƙi sauti ɗaya yake da shi. Yaro ya haɗa "ba" da "ba" ya ji baba ya fito, ya yi dariya, don ya san baba. A faransanci sautin "o" kaɗai ana rubuta shi o, au, eau, har da wasu baƙaƙen wutsiya da ba a furtawa. Kalmar ruwa baƙi uku ce, sautinta ɗaya. Ɗan Faransa ma yana shan wuya da wannan, alhali shi ya san kalmar tun a goye. Namu yaron an aza mishi kaya uku a lokaci guda: ya koyi sabon sauti irin p da v waɗanda Hausa ba ta rarrabe su, ya koyi rikitaccen rubutu, ya kuma yi hasashen ma'ana. Abin da ya rage mishi sai hadda. Shi ya sa za ka ga ɗan CE2 yana rera shafi guda da murya mai daɗi, ka rufe littafin ka ce mi aka ce, ya sunkuyar da kai.

Lissafi ma haka. Yarinyar da ke tallar dafaffen zogale, a saye na dala ashirin da biyar sau uku, a miƙo mata dala ɗari, ba ta ko ɗaga kai za ta mayar da canjin dala ashirin da biyar. Kuma lura da abin da take yi kullum: ƙarfen da aka rubuta 100 a jikinsa ita dala ashirin take ce mishi, na 25 dala biyar, takardar 1000 jika. Ashe rabawa da biyar tana kanta tun ba ta san sunanta ba. Malamin da ke da izinin yin Hausa zai zube ƙarafan nan a tebur ya gina jadawalin biyar a safiya ɗaya. Wanda aka ɗaure wa baki kuwa sai ya fara da koya mata cewa 97 a faransanci huɗu-ashirin-goma-bakwai ake cewa, a ƙarshen wata ya rubuta a kaye cewa yarinyar ba ta da kan lissafi.

Wani abin mamaki, dabarar nan ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. A makarantar allo, babbaƙu da farfaru da sunayen Hausa ake koyar da su. A zaure kuma, mai karatun Ahalari ko Ishmawi ko Risala yakan ja jimlar Larabci, malam ya fassara mishi da Hausa gaɓa gaɓa, har ranar da zai iya buɗe littafi shi kaɗai. Ɗaruruwan shekaru ana fitar da malaman Larabci ta wannan hanya daga Katsina har Gobir, ba wanda ya rataya musu ƙashi a wuya.

Ita ma gwamnati ta san da haka tuntuni. Nijar na cikin ƙasashen farko a yankin da Faransa ta mallaka da suka gwada koyarwa da harshen gida: a 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta Hausa da faransanci a Damagaram, daga baya aka ƙara da Zabarmanci, Fulatanci, Buzanci da Barbarci. Binciken da aka yi a kansu ya nuna ɗalibansu sun fi sakin jiki a aji, sun fi fahimtar abin da suke karantawa, kuma a ƙarshen firamare faransancinsu bai gaza na sauran ba. Marigayiya Hassana Alidou, masaniyar harshe da ta zama jakadiyar Nijar a Amurka, ta yi rubutu sosai a kan wannan. Dokar ilimi ta 1998 ta faɗa ƙarara cewa a firamare harshen uwa ne harshen koyarwa, faransanci kuma darasi ne tun daga shekarar farko. A maƙwabta, Babs Fafunwa ya jagoranci gwajin Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara shekara shida cur da Yarbanci, Ingilishi yana matsayin darasi, kuma suka fito ba su gaza a Ingilishin ba. A awon PASEC na 2014, wanda ya haɗa ƙasashe goma masu amfani da faransanci, Nijar ta zo a can ƙasa wajen karatu, Burundi kuwa, inda ake fara koyarwa da Kirundi, ta yi wa saura nisa a azuzuwan farko. Duk da haka makarantun nan namu sun shafe shekaru fiye da talatin ana kiran su na gwaji. Yaron da aka fara gwajin da shi yau jikoki gare shi.

Yanzu mu koma wajen mai zogale, don har yanzu ba mu biya shi ba. Tsoronsa yana da tushe, kuma tushen shi ne makarantar harshe biyu da aka yi ta rabi da rabi. An ce a yi Hausa shekara biyu ko uku, babu isassun littattafai, malamin da aka turo bai taɓa koyon rubuta ƙ da ɗ da ƴ ba, wani ma daga wata jiha aka kawo shi Hausar tasa ta kasuwa ce. Faransancin kuma an bar shi sai an kai CE2, rana ɗaya a juye komi zuwa gare shi. Yaron da aka yi wa haka ya rasa duka biyu, kuma uban ya yi daidai in ya cire shi. Cummins ya lura cewa yaran baƙi a Kanada, waɗanda Ingilishi ya kewaye su dare da rana, sukan iya hira cikin shekara biyu, amma harshen da ake karanta tarihi da kimiyya da shi yakan ɗauke su shekara biyar zuwa bakwai. In haka ne a can, yaya za a ce ɗan ƙauyen da ba ya jin faransanci sai daga bakin mushe ya gama shiri cikin shekara uku?

Ni ra'ayina, duk wanda ya ce wa talaka ya kawo ɗansa a fara mishi da Hausa ya ɗauki bashi, kuma da faransanci mai kyau ake biyan bashin nan. Ya kamata faransanci ya shigo tun ranar farko ta CI, da baki, kullum, ta waƙa da wasa da aike: tashi, zauna, kawo buta, rufe ƙofa. A wannan sa'a a tsoma yaron sosai, kunnensa ɗanye ne, zai ɗauka. Amma karatu da rubutu da lissafi da sanin jiki da ƙasa su tafi da Hausa har ƙarshen firamare, faransanci yana ƙara faɗi shekara bayan shekara. A kuma koyar da wuraren da rubutun biyu suka saɓa da gangan, kada a bar yaro ya yi karo da su: c ɗin "ciki" ba ita ce c ɗin faransanci ba, abin da muke rubutawa u su ou suke rubutawa, sh ɗinmu ch ɗinsu ce. Wannan aikin ƴan makonni ne ga yaron da ya riga ya iya karatu. Makarantar da ta kasa fitar da ɗan CM2 mai iya rubuta wasiƙa da harsunan biyu ta ci amanar uban nan, ko da wane kyakkyawan suna aka kira ta. Kuma in har mu da za mu zama ma'aikata gobe ba mu yarda mu sa namu ɗiyan a cikinta ba, to mu daina yi wa mutane wa'azi.

Saura wata magana da ta fi yi muna nauyi a baki, mu Hausawa. Dokar 2001 ta lissafa harsunan ƙasa guda goma. A watan Maris na 2025 kuma sabon kundin da hukumomi suka fitar ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Na ga abokai da yawa suna murna a Facebook, ni ma ban ƙi ba. Amma duk hujjar da na jero a sama ba ta Hausa ba ce don tana Hausa, ta yaro ce da harshen da ya zo da shi. A jihar Maraɗi akwai rugagen Fulani, akwai Buzaye a wajen Dakoro, kuma ba kowane ɗan shekara shida a cikinsu ne ya iya Hausa ba, musamman wanda bai fara bin uwarsa kasuwa ba. In aka zaunar da shi a ajin Hausa, aka yi dariyar lafazinsa, aka ce ya bar wannan yaren a waje, to mun ɗauko ƙashin sambol mun rataya wa wani. Inda Fulani suka fi yawa, ajin Fulatanci ya kamata a buɗe, rubutun yana nan, an tsara shi tun taron Bamako na 1966 tare da namu. Inda kuwa yara biyar ne cikin sittin, babu gwamnatin da za ta gina musu aji daban, kuma a nan ne abin ya koma hannun malami shi kaɗai: ya koyi gaisuwa da ƙirga ɗaya zuwa goma da Fulatanci, ya zaunar da sabon yaro kusa da wanda ya iya duka biyu, ya bar su su yi raɗa in ana bayani. Makarantun horar da malamai ne ya kamata su koyar da wannan tun kafin a ba mutum alli a tura shi ƙauye.